Jiniyar gidan Baba: littafin aikin gano ƙarar banza

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Daga yau jiniyar tsaron gidanmu na Mabera a Sakkwato ta dawo hannuna. Baba ya yanke hukunci bayan sallar la'asar: in ba ta daina tada mutane ba kafin Babbar Salla, zai sa a kwance ta a ba 'yan gwangwan. "Auta, wanga abu na yayanka ya ishe ni. In ba ka iya gyaranai, hidda shi." Na ce, "Allah ya huci zuciyarku, Baba, a ba ni lokaci."

Yaya ne ya sayo ta daga Abuja bara, ya turo wani ya kafa ta da hunturu. Dalilinsa ba abin zargi ba ne. Ana yawan kukan satar batiran sola da babura a unguwanni, ga kuma labaran da ke zuwa daga gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni, waɗanda ke hana wanda iyayensa ke Sakkwato shi yana nesa barci mai nauyi. Akwatin na'urar yana falo, da sim a cikinsa, yana tura saƙo zuwa wayar Yaya da tawa. Jiniyar tana bango saman zaure. Ƙofofi 5 aka sa wa sensa marar waya: lamba 1 ƙofar zaure ta ƙarfe, 2 falo, 3 kicin, ita katako ce, 4 sito inda batiran sola suke, 5 ƙofar baya.

Duk hunturu lafiya lau. Tsakiyar azumi, da zafi ya kankama, ta fara kuka babu wanda ya taɓa ƙofa. Da farko an ɗora wa masu fita tahajjud da masu tashi sahur. Azumi ya wuce, Salla ta wuce ranar Lahadin da ta gabata, kuka bai tsaya ba.

Sana'ata haɗa sola da wayarin, don haka zan bi ta yadda nake bin inbatar da ke kashe kanta. Ba zan sayi komai ba tukuna, kuma ba zan canza abu biyu a lokaci ɗaya ba. Na rataye littafi da biro kusa da akwatin. Duk wanda ya ji ta yi ƙara ya rubuta lokaci, da lambar da ta fito a fuskar akwatin, da ko akwai wuta, da ko ana iska.

Talata, 8 ga Afrilu

Na zauna da tsofaffin saƙonnin da ke wayata na jera su a takarda. Agogon akwatin ba abin dogaro ba ne, duk sanda aka ɗauke wuta ya mutu sai ya koma baya, don haka na bi lokacin da saƙo ya shigo wayata.

Abin ya rabu gida biyu. Mafi yawa daga lamba 1 ne, kuma tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Baba da Inna ke kulle gida su kwanta ƙailula. Saura daga lamba 4, su kuma ba su da lokaci, dare da rana. Lamba 2 ba ta taɓa yin ƙarya ba. Wannan kaɗai ya wanke akwatin a wurina, domin da shi ne ya lalace, ba zai zaɓi ƙofa ya zaɓi sa'a ba.

Ga wanda bai taɓa buɗe irin wannan sensa ba, abu biyu ne. Ƙarami yana jikin ƙofa, mayen ƙarfe ne kawai a cikin roba. Babban yana jikin firam, a ciki akwai batir, da ɗan allon da ke aika sigina, da wani siririn bututun gilashi mai tsinken ƙarfe biyu da bakinsu ya haɗu a tsakiya. In mayen yana kusa, tsinkayen suna manne. In ya yi nisa sai su rabu, sensa ta gaya wa akwati an buɗe ƙofa. Tsohuwar fasaha ce, tun 1936 aka ƙirƙiro ta a ɗakunan binciken Bell na Amurka don layukan tarho. Ba ta san ɓarawo ba, ba ta ma san ƙofa ba. Nisan maye kawai take aunawa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yini guda a zaure, kuma a nan na ga abin da nake nema.

Na kwance sensar lamba 1 na kai ta kan tebur na katako. Na ɗora rula, ina matso da mayen a hankali ina ja da baya, ina kallon jar fitilar da ke ƙiftawa in ta aika sigina. A kan tebur tana kamawa a wajen milimita 18, ba ta saki sai an wuce 22. A lura da wannan: nisan da take kamawa daban, nisan da take saki daban. Tsakaninsu akwai ɗan fili da sensa ke riƙe halin da ta samu kanta a ciki.

Na mayar da ita jikin firam na sake awo. Yanzu sai an kai milimita 11 take kamawa, ta saki a 14. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nisan da take ji ya tafi. Ƙarfen ƙofa da na firam suna janye ƙarfin mayen zuwa jikinsu, abin da ke isa ga bututun gilashin ya ragu. Nisan da ake rubutawa a kwalin sensa na ƙofar katako ne, mu kuwa a nan kusan kowace ƙofar waje aikin mai walda ce.

Sai na auna inda ƙofar take zama in an rufe an sa sakata. Ba ni da ma'aunin rata, na yi amfani da robar da ake ɓallo sim daga jikinta, kaurin kowace milimita 0.76 ne, na riƙa cusa su a jere har suka cike. Ratar ta kama 13. Wato in an bugo ƙofa da ƙarfi, mayen yana matsowa ya kai 11 na ɗan lokaci, sensa ta kama, sannan ƙofa ta koma ta zauna a 13, saura milimita 1 ta saki. Akwatin yana nuna komai a rufe, a kunna tsaro, a je a kwanta.

Ƙofar tana kallon yamma, fentinta baƙi-baƙi. Ƙarfe 3 na rana na ɗora hannu ban iya barinsa a kai ba. A Afrilu inuwa ma tana wuce digiri 40 a garin nan, balle ƙarfen da rana ke duka. Na yi lissafi: ƙarfe mai tsawon mita 2 in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, tsawonsa na ƙaruwa da kimanin milimita 0.7. Wannan kaɗai bai isa ba, tunda firam ma yana miƙewa tare da ita. Abin da ya fi shi ne lanƙwasa. Falle biyu ne ƙofar, na waje ya gasu, na ciki yana inuwar zaure, sai ta ɗan yi doro, kusurwar sama inda sensa take ta ja baya. Na sake cusa robobin a wannan lokacin, ɗaya ta ƙaru a kan na safe, har da ɗan sarari.

Kafin gyara na gaske, na ce a daina kunna lamba 1 da rana.

Laraba, 16 ga Afrilu

Duk wanda na ba labari sai ya ce batir ne. Na auna su duka da mita, ina danna sensa tana aikawa, domin batir mai rauni yakan nuna lafiya in ba a ɗora masa aiki ba. Huɗu ƙalau. Na lamba 5 ya yi ƙasa, har ya fara zubar da farin gishiri a bakin ƙarfen. Na kankare na sa sabo.

Abin lura, lamba 5 ba ta cikin masu ƙarar banza. Batir in ya mutu ya fi sa sensa ta yi shiru, kuma irin waɗannan masu araha ba sa gaya wa akwati cewa suna raye lokaci zuwa lokaci. Ana iya buɗe ƙofar baya a kwashe kaya akwati bai sani ba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan kukan da ake ƙorafi a kai.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Sito. Wanda ya kafa bai huda ko'ina ba, da gam mai fuska biyu da ke zuwa cikin kwali ya manna komai. Siton rufin kwano ne ba silin, ga inbata tana hura nata zafin. Gam ɗin ya yi laushi, mayen ya zame ƙasa kusan faɗin yatsa, ya bar sawun danƙo a jikin ƙofa. Yana rataye a gefen inda sensa ke jinsa, ko kyanwa ta goga ƙofar ya isa.

Da na buɗe murfin sai ga na biyu. A ciki akwai ɗan maɓalli mai sifirin da murfi ke dannewa, aikinsa ya tona asirin wanda ya zo cire sensa. Haƙorin robar da ke riƙe murfin ya karye, murfin yana ɗagawa kaɗan, kiyashi sun shiga sun tara ƙasa a gefen sifirin. Akwatinmu ba ya bambanta wannan da buɗe ƙofa, lamba 4 kawai yake rubutawa. Na share da tsohon buroshin haƙori, na ɗaure sensa da maye da sukuru, na zagaye murfin da igiyar roba irin wadda muke ɗaure wayoyi da ita.

Kawu ya zo gaida Baba ya tarar da ni a kan aikin, ya ce shi a ganinsa rimot ɗin motar maƙwabci ne. Maganar ba ta banza ba ce, sensocin nan suna aiki a zangon rediyo na 433 MHz, inda rimot da ƙararrawar ƙofa da yawa suke. Sai dai na duba ɗan allon, EV1527 ne a rubuce a kan ɗan abin da ke tsara siginar, kuma irinsa yana da lambobin shaida sama da miliyan 1. Rimot ɗin wani zai iya danne siginar ta kasa isa, amma da wuya ya yi magana da sunan sensarmu. Kawu ya ce to, amma fuskarsa ba ta yarda ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Sito ya yi shiru tun ranar. Amma daren jiya, wajen ƙarfe 2, lamba 1 ta yi kuka da dare, abin da ba ta saba ba. Ƙanen matar Yaya da ya sauka a gidan ne ya jingina babur da ƙofa daga ciki.

Abin da ya dame ni ba wannan ba ne. Jiniya ta yi minti 3 tana tsala ihu, ba wanda ya leƙo a layin. Farkon kafa ta, in ta yi ƙara, kafin Baba ya sa takalmi maƙwabta sun fito da tocila da gora, 'yan sintiri sun iso. Da safe na gaida Alhajin da ke kallonmu bayan an fito masallaci, na tambaye shi ko bai ji ba. Ya ce, "Mun jiya, ɗana. Munka ce halinta na." Ban ga laifinsa ba. Mutum mai hawan jini, a tashe shi tsakar dare a banza sau da yawa, dole wata rana ya gyara kwanciya.

Ko a ƙasashen da suka daɗe da na'urorin nan haka abin yake. A Amurka binciken da aka yi wa 'yan sanda ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na kiran da jiniyar gidaje ke jawowa ba ɓarawo a ciki, shi ya sa birane da yawa ke cin tarar mai gida. A Ingila, in na'urarka ta yi kiran ƙarya sau 3 cikin wata 12, 'yan sanda na janye zuwan gaggawa har sai ka gyara. Mu nan ba tara ba takarda, maƙwabta ne jami'an da ke amsa kira, kuma sun riga sun janye.

Yaya ya kira da hantsi, ransa a ɓace, shi ma saƙon ya tashe shi. Ya ce in cire komai, zai aiko da sabuwa mai tsada wadda ake gani a waya. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ko wacce ka aiko, in aka manna ta a wannan ƙofar da wannan ratar, haka za ta yi." Na tura masa hoton robobin sim a cikin rata. Ya yi shiru, sannan ya ce nawa ne kuɗin mai walda.

Asabar, 17 ga Mayu

Mai walda ya zo da injinsa a Keke Napep. Ya ɗaga ƙofar da ƙafa sau ɗaya ya ce, "Oga, ƙohwar ga ta sauka, hinjin sama ya ci." Gaskiyarsa, tana wasa sama da ƙasa. Ya yanke hinjin ya sa sabo, ya ƙara na uku a tsakiya, ya gasa ɗan ƙarfe a firam wanda ƙofa za ta riƙa tsayawa a kai. Na roƙe shi kada ya haɗa wayar injinsa sai na cire sensa da mayen, domin zafin walda yana rage ƙarfin maye, kuma irin raunin nan ba ya dawowa.

Ni kuma na canza tsarin lamba 1 gaba ɗaya. A bayan akwatin akwai gurabun sensa mai waya da ba a taɓa amfani da su ba. Na samo irin wadda ake sa wa ƙofar gareji da shaguna, jikinta alminiyon, mayenta babba, wayarta cikin sulke. Na yanka robar allon yankan nama mai kaurin milimita 8 na sa ƙarƙashin sensa da ƙarƙashin maye, don su ɗaga daga jikin ƙarfe. Na sauko da su daga kusurwar sama zuwa kusa da sakata, inda ƙofa ba ta da damar motsi. Wayar ta bi cikin fayif har falo. Ɗan rezistan da littafin na'urar ya ce a sa, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta a waya, na sa shi can jikin sensa, ba cikin akwati ba. Masu gaggawa suna murɗe shi a bakin akwati don ya daina ƙorafi, alhali amfaninsa shi ne akwati ya gane in an yanke waya ko an haɗe ta a hanya.

Sabon awo: ƙofa na zama a milimita 6, sensa ba ta saki sai an wuce 35. Na jira ƙarfe 3, na kunna tsaro, na jijjiga ƙofar da kafaɗa. Shiru. Na zare sakata na buɗe faɗin tafin hannu, ta tsala. Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Wagga kuma ta gaskiya ta ko ta ƙarya?"

Talata, 27 ga Mayu

Hadari ya taso jiya da magariba, iska mai jan ƙasa ta rufe gari, ruwan bai taka kara ya karya ba. Zaure bai ce uffan ba. Lamba 5 ce ta yi ƙara. Ramin da sakatar ƙofar baya ke shiga a bango ya faɗaɗa, siminti ya zube, iska na turo ƙofar tana dawowa. Na dasa guntun fayif na ƙarfe daidai kaurin sakatar na cike da siminti.

Na kuma rage tsawon kukan jiniya zuwa minti 1, na sa jinkirin sakan 30 a ƙofar zaure, don wanda ya shigo ya samu damar kashewa da rimot kafin ta tada unguwa.

Laraba, 4 ga Yuni

Jibi Salla. Ragon layyar Baba yana ɗaure a turke kusa da ƙofar baya tun Lahadi, kuma ya ɗauki ƙofar abokiyar faɗa. Na tsaya na kalle shi: ya ja baya iya tsawon igiya, ya sunkuyar da kai, ya zo ya maka mata ƙaho, fallen ƙarfen ya yi gum, ƙura ta zubo daga firam. A karo irin wannan tsinkayen cikin gilashi na rabuwa na ƙiftawar ido ko da maye bai matsa ba, kuma wannan ya ishi sensa. Baba da kansa ya rubuta a littafi, da ajami: rago ne.

An matsar da turke. Ban kashe lamba 5 ba, domin a makon nan ne ɓarayin dabbobi suka fi ƙwazo. Baba bai sake tada maganar 'yan gwangwan ba, ni ma ban tuna masa ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Damina ta zauna, ƙofar kicin ta kumbura kamar yadda take yi duk shekara. Ba ta shiga firam sai an danna da gwiwa, in ba a danna ba sai ta tsaya a baki, can cikin dare ta turo kanta waje. Kafinta ya fere gefen da ke cijewa, ya shafa fenti a inda ya fere don kada ya sha ruwa. Na gargaɗe shi kada ya ci da yawa, domin da hunturu itacen zai bushe ya koma, rata ta buɗe ta wancan ɓangaren. Na ɗaure sensar da sukuru na matso da mayen har saura milimita 4.

Na zagaya gidajen da ke kusa da mu, na gaya musu an yi gyara, na roƙi arziki in sun ji ta yanzu su leƙo. Alhaji ya ce Allah ya sa. 'Yan sintiri na ba su lambata, muka yi da su cewa in ta yi ƙara zan kira su cikin minti 2 in faɗa musu ko ta banza ce, in ba su ji ni ba su taho.

Lahadi, 6 ga Yuli

Tun gyaran kicin shafin littafin fari ne, sai gwajin da nake yi duk Juma'a bayan masallaci: in kunna tsaro, in rufe bakin jiniya da tsumma, in buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, in tabbatar kowace lamba ta fito kuma saƙo ya shiga wayoyin biyu.

Abin da ya rage. Batirin ajiya na akwatin, mai 12V 7Ah, ya kumbura a gefe. Irinsa ana auna rayuwarsa ne a zafin digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 10 na cin kusan rabinta, to a falon da ba na'urar sanyaya ɗaki ba zai kai shekarun da aka rubuta ba. Zan canza shi in kuma jawo wa akwatin wuta daga layin inbata, agogonsa ya daina komawa baya. Sim ɗin ciki na sa tunatarwa a wayata in riƙa sa masa kati ina kira da shi, kada a rufe layin don rashin amfani. Lamba 4 da 5 ina so su koma masu waya irin ta zaure, Yaya ya ce sai ƙarshen wata. Ƙofar kicin kuma sai Disamba zan sake auna ratarta, in itacen ya gama bushewa.